Boris Ɗin Injin Mijinyawa

Albasar Mijinyawa ta fara ɗaura kai ke nan a fadamar Shagari sai farfelar injin ban-ruwansa ta tsage. Kai, lokacin da ta zaɓa! Albasa a wannan gaɓar ba ta san haƙuri ba, in ta rasa ruwa ta tafi.

Ƙanensa Lirwanu, mai walda a Bodinga, yana jin labari ya ɗoro janareta a keke ya taho. Mutum ne mai zuciyar taimako da gaggawar tsiya. Don kada ruwa ya yanke, bai tsaya kwance farfelar ba. Ya maƙala wayar waldarsa ɗaya a ƙafar injin, ya ɗana ɗayar a tsagar, ya liƙe ta tsaf. Mijinyawa ya yi ta sa masa albarka.

Ba a jima ba injin ya fara wani kuka siriri. Mijinyawa ya ɗura giris, kukan ya ƙaru. Ya sake ɗurawa. Ina! Ran nan da hantsi ƙarfen ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa, injin ya yi ƙiƙi ya tsaya.

Sha'aibu makanike ya buɗe shi a Bodinga, ya zaro boris ɗin, wato zoben ƙwallayen da sandar injin ke juyawa a ciki. Jikinsa duk zane-zane, kamar an bi shi da zarto.

"Wa ya yi walda a kan wanga inji?"

"Ƙanena."

"To, wutar ba ta da hanya sai ta cikin boris. Ta huda ƙwallayen ƙanana-ƙanana, su kuma suka riƙa cin junansu. Komai ƙarfin ƙarfe, Malam, in wuta ta ratsa shi yana gogayya ya ƙare. Irin wanga kuwa ko Sakkwato babu, sai an aika Kano."

Mijinyawa ya ce a aika Kanon. Ya roƙi aron inji wurin maƙwabta, amma kowa tasa albasar na shan ruwa. Ya koma bokiti, shi da matarsa Juwairiyya, daga rijiya zuwa fangali. Wallahi abin tausayi, kafin su kai ƙarshen layi farkonsa ya bushe. Ganyen ya kwanta, ya yi rawaya, Kano shiru.

Yana durƙushe yana tona wani kan albasa da bai wuce goro ba sai ga Lirwanu a babur, fuska fal murna, bai ji komai ba. Daga bakin hanya ya ɗaga murya.

"Yaya! Yaya aikina? Waldar ta riƙe ko?"

Mijinyawa ya dubi farfelar da ya dawo da ita daga Bodinga, tana jingine a gindin darbejiya. Waldar tana nan daram, ko gezau. Ya rufe ɗan kan albasar a tafinsa.

"Ta riƙe, Lirwanu," ya ce. "Allah ya yi maka albarka."