Tafintan Da Ya Hana Iyayenmu Cin Nama

Ni ne Ɗanjuma, tafintan cocinmu da ke Kamazou, kuma ni ne mutumin da ya hana mata sittin da 'yan kai cin nama har kwana goma sha takwas ba da niyya ba.

Abin ya faru ne wata Laraba da safe, a taron farkawa na zumuntar mata. An gayyato mai wa'azi daga kudu wanda ko "sannu" ba ya ji da Hausa, aka ce ni zan fassara. Masu zuwa taron safiyar Laraba kuwa iyayenmu ne, 'yan kasuwa da masu 'yan gonaki a bayan gari, yawancinsu Turancinsu bai wuce na gaisuwa ba. Na sa sabuwar kwat, na riƙe makirfo, ina jin muryata tana fita ta lasifika kamar ta mai karanta labarai. Gaskiya muryata nake saurara, ba mai wa'azin ba.

Mutumin ya buga ƙafa ya ce, "Crucify the flesh!"

Ni ma na buga ƙafa na ce, "Ku gicciye nama!"

Na san sha'awar jiki ake nufi, tun ina makarantar Lahadi na sani. Amma bakina ya riga ya kama nama, matan kuma suka amsa da wani "Amin" da ya girgiza kwanon rufi, sai daɗi ya ɗebe ni. Ya ce mai bin flesh ƙarshensa hallaka, na ce mai bin nama ƙarshensa hallaka, har na ƙara masa gishiri. Baƙon ya ga mata suna hawaye suna ɗaga hannu, ya rungume ni, ya hau mota ya koma garinsu. Kafin a tashi, shugabar zumunta ta sanar da azumin nama na kwana arba'in.

Shugabar nan ita ce Mama Irene, mahaifiyar Jemimah, yarinyar da nake nema da aure. Sana'arta kuma farfesun kayan ciki da na kan akuya a Sabon Tasha. Ranar ta kife tukwanenta, ta koma sayar da alale da dafaffen wake. 'Yan keke da suka saba cika mata benci su zo, su leƙa tukunya, su juya suna ƙunƙuni. Fastonmu ya ji mata suna azumi ya yi murna, bai tambayi mafarin abin ba.

Ni kuwa duniya ta yi mini daɗi. Inda na bi sai "bawan Allah," sai "Ruhu ya yi magana ta bakinka." Wannan ta kawo doya, waccan ta kawo gyaɗa. Aka fara ajiye mini kujera kusa da dattawa. Kaina ya kumbura har tafiyata ta canza. Da yamma kuma in hau keke zuwa unguwar Nasarawa, inda babu wanda ya san ni, in tsaya wurin Malam Anas mai tsire in ci in goge baki.

A kwana na tara Jemimah ta kira ni ƙofar makarantar da take koyar da Turanci. Ashe wata ta ɗauki wa'azin a waya ta tura wa Mama, Jemimah kuma ta saurara. Na same ta tana dariya har da riƙe ciki, na fara taya ta, sai ta tsaya cak.

"Ɗanjuma, flesh shi ne nama? Wane nama, na akuya ko na shanu?"

"Haba Jemi, slip of tongue ne kawai, suɓutar baki."

"Slip of tongue ya rufe wa mamana kasuwa. Ran Lahadi za ka tashi gaban kowa ka faɗi gaskiya. In ba haka ba kada mutanenku su wahalar da kansu zuwa gidanmu neman aure. I no fit marry person wey dey chop praise on top lie. Ba zan auri mai cin yabo a kan ƙarya ba."

Na san Jemimah ba ta maimaita magana. Ina son yarinyar nan kamar raina. Na yi mata rantsuwa cewa Lahadi ƙaramin abu ne.

Na rubuta jawabin neman gafara, na haddace, na cije haƙori. Lahadi ta zo, lokacin shaida na miƙe. Ban ko buɗe baki ba matan suka ɓarke da guɗa da tafi, wata ta kaɗa caki, wata ta ce, "Ga shi nan, bawan Allah!" Wallahi ban san lokacin da na ji kaina ina cewa, "Ku ci gaba da ƙoƙari, iyayena, saura kwana ashirin da tara!" ba. Na zauna ana tafi. Jemimah ta ɗauki jakarta ta fita ba ta ko kalle ni ba.

Washegari na tafi wurin Baba Isaac, dattijon cocinmu, tsohon ma'aikacin masaƙa da yanzu yake gyaran keken ɗinki a ƙofar gidansa. Na zayyana masa komai. Tsohon ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido.

"Shi ya sa matata ta mayar da ni ɗan wake! To, da ƙarfin wa ka tashi jiya?"

"Da ƙarfina, Baba. Na cije sosai."

"Wato Ɗanjuma mai son yabo ka aika ya je ya kashe son yabo. Ai ba zai kashe kansa ba, ɗana. Wannan shi ne sha'awar jikin da ka kasa fassarawa. Ba a kayar da ita da cije haƙori. Ka ba Ruhun Allah hannunka ya ja ka, tun daga yau Litinin, ba sai Lahadi ta zo ka tuna da shi ba. In kana bin inda yake kai ka, ba ka da ƙafar bin wancan."

Na ce to ta yaya. Ya ce in tashi da addu'a kowace safiya, kuma duk lokacin da wani ya yabe ni in ce a zuciyata, "Ubangiji, riƙe ni," sannan in yi abin da na ji an nuna mini, ko da ƙarami ne.

Ba zan yi ƙarya ba, makon ya yi mini tsawo. Talata wata tsohuwa ta kawo doya, na yi addu'ar, na ji kunya ta rufe ni, na ce ta mayar. Laraba na ƙi zama a kujerar dattawa. Alhamis na faɗi, don wata ta ce muryata kamar ta mala'ika, na wuni ina murmushi ni kaɗai. Juma'a na sake tashi. Abin mamaki, kafin Asabar kalmar "bawan Allah" ta fara yi mini ɗaci a kunne.

Lahadi na miƙe ba kwat, ba takarda. Guɗa ta tashi, na yi 'yar addu'ata, na ɗaga hannu aka yi tsit.

"Iyayena, na yi muku kuskure, na kuma ɓoye shi don ina jin daɗin yabonku. Baƙon nan bai ce nama ba. Sha'awar jiki ya ce, irin su girman kai, hassada, gulma, fushi. Babu ruwan akuya a ciki. Ni ma tsire nake ci a Nasarawa duk kwanakin nan."

Matasa suka kwashe da dariya har wani ya faɗo daga benci. Fasto ya rufe fuska da hannu. Mama Irene kuwa ta miƙe a hankali, ta gyara ɗaurin zani, ta nufo ni, idonta ja wur. Na sha jinin jikina. Ta tsaya gabana tana huci.

"Kwana goma sha takwas ina cin wake. Kwastomomina duk sun gudu." Ta ɗaga hannu, na runtse ido. Hannun bai sauko ba. "Ka ce har da me a cikin abin nan?"

"Har da fushi, Mama."

Ta daɗe a haka, hannu a sama, leɓɓanta suna motsi. Sannan ta sauke shi ta dafa kafaɗata da ƙarfin da har yau ina jin wurin.

"Ka gode wa Ruhu Mai Tsarki, shi ya riƙe hannun nan, ba ni ba."

Na waiga can baya inda Jemimah take tsaye bakin ƙofa. Tana dariya, hawaye na zuba, ta ɗaga murya yadda duk coci za su ji.

"Mama, mutanensa su zo ran Asabar?"

Mama Irene ta kalle ni sama da ƙasa, ta ja dogon numfashi, ta ce, "Su zo."