Billen Ummulkhairi

Matata Ummulkhairi ba ta son hoto. Waɗanda aka ɗauka ranar sunan ɗiyarmu Shamsiyya ma, da hannunta ta tura su murhu bayan wani wa'azi da ta jiyo a Islamiyya. Ban hana ta ba. A lokacin kullum ina ganin fuskar, har da ranakun da ba na son gani. Abin da ya tsira shi ne nagetif, baƙin fim ɗin nan da ake wanko hoto daga jikinsa, don ba ta san shi ma hoto ba ne.

Bayan rasuwarta da 'yan shekaru, wata rana ina alwalar la'asar, na zo wanke fuska, sai na tsaya. Ummu tana da bille, tsaga ɗaya siririya da ta gangaro daga gefen hanci zuwa kunci. Wane kuncin? Na rufe ido na ɗora shi a dama, ya zauna. Na mayar da shi hagu, nan ma ya zauna.

Na buga wa Shamsiyya waya a Kano, inda take aikin jinya.

"Hagu ne mana, Baba."

"Hagunta ko hagunki?"

Ta ce za ta sake kira.

Na ɗauko gwangwanin da fim ɗin yake ciki. Ina buɗewa wani warin tsami ya daki hancina. Fim ɗin ya nannaɗe kamar busasshen ganyen masara, jikinsa duk ƙarce. A hoto ɗaya kaɗai Ummu ta fuskanci mai ɗauka, fuskar kuma ba ta kai ƙwayar wake ba. Da yanar da ke idona, ko rana na saka a bayansa ba abin da zan gani. Na karanta cewa in fim ya fara wannan warin, ba ya dainawa sai ya ci kansa.

Shamsiyya ta ce in bai wa direba ya kawo mata. Na ce direbobin tashar Kankia sun taɓa ɓatar mini da buhun gero, ba zan ba su uwarta ba. Sai ta ce za ta sayi sikana, na'urar da ke kwafe fim zuwa kwamfuta, ta turo mini hotunan iri uku a waya in zaɓa.

Ba ni da kwamfuta, don haka na tafi wurin Sodangi, mai shagon hoto a bakin tasha, wanda na koyar da shi tarihi a sakandare bai ɗauki komai ba.

"Malam, wannan ƙaramar ka manta da ita. Fitila ce kawai da kyamarar waya a cikin akwati. Fuskar Hajiya za ta fito kamar an dama kunu."

"Ta biyun fa?"

"Yawwa! Mai faɗin nan, mai haske a murfi. Tana yin fim, tana yin takardu, har satifiket."

"Ni ina da satifiket ɗin da zan kwafa ne, ko kai ne kake da masu kawowa?"

Ya yi dariya ya shafa ƙeya. "Ai in ka gama da ita, Malam, ba a bar ta ta yi ƙura ba."

Ta ukun fim kaɗai take yi, a hankali, kuma an ce tana iya fito da zaren da ke jikin riga. An kuma rubuta cewa manhajarta tana share ƙura da ƙarce da kanta. Na kwashe makonni ina karanta bayanan masu sayarwa da ƙorafin masu saye, mutanen da babban tashin hankalinsu shi ne launin sararin sama a hoton yawon shaƙatawa. Na dubi ƙarcen da ke jikin fim ɗina, na zaɓi ta ukun.

Ranar da na'urar ta iso, Sodangi ya tayar da janareta ya kori masu jiran fasfo. Dole fim ya kwanta sumul a cikin wani maƙalin roba kafin a tura shi. Namu ya ƙi kwanciya. Ya danna murfin, na ji wani ɗan ƙas.

"Mene ne wannan?"

"Maƙalin ne ya kama, Malam."

Na'urar ta yi ta gurnani. Sai ga tsakar gidanmu na da a allon kwamfuta: tabarmi, kwanukan tuwo, mata sun cika ko'ina. Ga Ummu nan a tsakiya da jaririya a cinya, tana kallon mai hoton da irin kallon da take yi mini in na ce miya ta yi gishiri. Na lalubo tabarau na ce ya matso da fuskar. Ya matso da ita har ta cika allon, ya juya yana ciro fim ɗin.

Ga ɗan kunnenta. Ga kwallin idonta. Kumatun kuwa sumul, duka biyun, kamar na 'yar tsana.

"Ina billen?"

"Wane bille?"

"Tana da bille, Sodangi."

Ya leƙo. "Af. To ai ta ɗauka ƙarce ne, ta share. Ka ga duk sauran ma ta share su tas."

"Kashe abin sharewar. Mayar da fim ɗin."

Ya buɗe tafin hannunsa. Fim ɗin na nan, amma fatarsa ta tsage daga inda aka danna, ta ɓare, wasu ɓarɓashi masu ruwan ƙasa sun manne a yatsunsa. Duk da haka na sa ya mayar. Tabarmin suka fito, da kwanukan, da jaririyar, da kowane ƙarce a wurinsa. Daga wuyan Ummu zuwa ɗankwalinta baƙin rami ne.

Ya tura wa Shamsiyya hoton farkon, marar billen. Kafin in kai gida ta kira tana kuka. "Baba, ashe haka Mama take da kyau!" Na ce haka take.

Ranar kasuwa na hau mota zuwa Kusada, daga nan ɗan acaɓa ya kai ni Kaikai, gidan Adda, yayar Ummu, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Na same ta a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, ta sa aka kawo mini fura, na miƙa mata hoton da Sodangi ya wanke. Ta kai shi dab da ido, ta daɗe.

"Wagga wace ce?"

"Ummu ce, Adda."

"Ummu tana da bille."

"Shi na zo tambaya. A wane kunci yake?"

Ta ɗaga hannu za ta taɓa fuskarta, hannun ya tsaya a iska. Ta sauke shi. Ta ajiye hoton a kan ɓawon gyaɗa.

"Malam Ishaq, tun tana yarinya ka ɗauke ta daga gidan nan. Ni sai salla nake ganinta. Kai da kake kwana kana tashi da ita, ni kake tambaya?"

Na ce ita nake tambaya.

Ta jawo kwandon gyaɗar gabanta. "Sha furarka," in ji ta, "kada ƙuda su riga ka."