Ƙullin da Ba Nawa Ba

Ni ne Banta. Ranar da teku ta hau Banda Aceh ta ɗauke ni daga bakin gaɓa, ta yi yawo da ni kan rufin gidaje, ta gaji ta ajiye ni a kan bishiyar kwakwa. Ban taɓa zama a aji ba, amma shekara goma sha tara ina aiki wa ƙungiyar masu adana tsofaffin takardu ta garinmu. Ni nake liƙe takardun da ruwa ya ci, ni nake ɗaure kwalaye. Masu digiri ne fal a ƙungiyar, duk Apa suke ce mini, wato kawu, kuma babu wanda ya kai ni sanin takarda.

A bara 'yan ƙungiya suka haɗa rupiya miliyan arba'in don a sayo takardar Japan, wannan siririya da ake manna wa takardun filayen mutane don kada su rududduge. Da kaya suka iso na yagi kaɗan na ɗora a harshe. Ta Japan takan riƙe kanta. Wannan kuwa narkewa ta yi kamar ta goge baki a shagon abinci.

Nan take zuciyata ta tafi kan ma'ajinmu, Cut Rosna. Kuɗi a hannunta suke, kuma a makon nan ta fara zuwa aiki da sabon babur ja. Sai na bi shugaban ƙungiya, Teuku Zulfan, wanda muke ce wa Pak, wato maigida, shagon kofi.

"Pak, takardar nan ba ta Japan ba ce."

Ya ajiye kofinsa a hankali. "Wa ya karanta maka, Apa?"

"Harshena. Ya fi gilashin idonka gani."

Ya yi dariya, ya waiga hagu da dama. "To wa kake zargi?"

"Ni ban ce kowa ba. Babur dai ja ne."

"Ka yi shiru da bakinka har taron Asabar," in ji shi. Sannan ya ɗaga hannu ya ce a kawo mini taliya da kaguwa.

Na cinye tas, ban bar ko romo ba. Amma tun ina ci nake tunani. Mutumin nan shekara goma sha tara ko ruwan shayi bai taɓa saya mini ba. Yau kuma kaguwa?

Kafin Alhamis magana ta zaga ofis. An ce za a tsige Cut Rosna ranar Asabar, a kai sunanta wurin aikinta na gwamnati. Ta same ni ina dama gam, idonta ya kumbura.

"Apa Banta, kai ka ce na ci kuɗin?"

"Ni babur kawai na ambata."

"Shi na ba kuɗin a hannu ya tafi Medan sayayya. Shugaba ne, kunya ta hana ni cewa ya sa hannu. Yanzu ya ce ni na yi odar." Ta juya ta fita.

Ban yarda da ita ba, shi ma ban yarda da shi ba. Na shiga ɗakin ajiya da tsumma kamar zan yi goge-goge. Kwalaye ɗari uku da wani abu ne a ciki, kowanne ni na ɗaure shi da ƙullin masunta da ubana ya koya mini, wanda ake ja sau ɗaya ya warware. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Can a layin ƙasa, inda ake ajiye takardun ƙungiyar kanta, na tarar da kwali ɗaure da ƙullin igiyar takalmi. Mutum biyu ne ke da mabuɗin ɗakin nan, ni da shugaba.

Na buɗe. Takardun ciki duk sun yi ja don tsufa, sai guda ɗaya fara sol, an sa ta a rigar leda, an rubuta lamba da fensir a kusurwa. Ban san abin da ta ce ba. Na mayar, na ɗaure da irin ƙullinsa.

Ranar Asabar da hantsi zaure ya cika. Shugaba ya yi dogon jawabi kan amana, har da dafa ƙirji. Ana shirin ɗaga hannu don tsige Cut Rosna sai na shigo da kwalin a ka, na dire shi gaban Bu Salbiah, wato Mama Salbiah, tsohuwar da ta kafa ƙungiyar.

"Apa, taron membobi ne wannan," in ji shugaba.

"Ni ma ba zama na zo yi ba, Pak. Bu, wannan ƙullin ba nawa ba ne. Duba mana farar nan."

Ta sa gilashi ta karanta a fili. Rasit ne na wani shago a Medan: takardar goge hannu, rupiya miliyan shida, da sunan Teuku Zulfan a matsayin mai saye. Ta ɗago ta dube shi.

"Wannan bakwai ɗin mai ƙugiya rubutunka ne, Zulfan. Ni na koya maka sa lamba. Me ya hana ka yaga ta?"

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ta asali ce, Bu."

Wani daga baya ya fashe da dariya. "Ya iya sata, bai iya yaga takarda ba!"

Hannuwan da aka shirya wa Cut Rosna shi aka ɗaga wa. A zaman nan aka kafa doka: ko shugaba ne, ba ya karɓar rupiya ɗaya sai mutum biyu sun sa hannu. Cut Rosna kuma aka bar mata littafinta na ma'aji.

Da aka tashi na tsaya a bakin ƙofa na gyara hula, ina jiran godiya. Ta zo ta wuce, sannan ta dawo.

"Babur ɗin na ƙanena ne, Apa. Aro na yi."

"Ai na sani tun farko," na ce.

"Ka sani ɗin." Ta miƙo mini mabuɗin ɗakin ajiya na biyu, wanda aka karɓe daga hannun shugaba. "Riƙe wannan kafin a zaɓi sabon shugaba. Kuma ka rage surutu a shagon kofi."

Yanzu mabuɗai biyu ke wuyana. Duk safiya sai na bi ƙullin nan ɗari uku da yatsa, har da na kwalin da Cut Rosna ke ajiye rasit.