Alhaji Fuseini Ya Rasu Sau Biyu

Mu a Salaga ba ma faɗa wa mutum mutuwa a waya. Ko gawa ta sandare, sai a ce masa, "Jiki ya tsananta, ka zo." Kowa ya san ƙarya ce, kowa ya taɓa yin ta, kuma ladabi muke kiranta. Amma ban taɓa ganin wanda ya nemi cin gida sukutum da ita ba sai Zibrim.

Maƙwabcina Alhaji Fuseini mai doya ya cika ne da asuba a Yendi, a gidan babban ɗansa Zibrim, inda aka kai shi jinya. Mutum biyu ne a ɗakin: shi Zibrim, da ƙanwar Alhajin, Hajiya Shetu. Gidan Alhaji kuwa tun kakanninsu fataken goro a Salaga ake binne su, ɗaukar gawa daga gari zuwa gari kuma sai takardu da motar asibiti da dogon surutu. Sai aka yi abin da aka saba. Aka sa wa Alhaji babbar riga da hula, aka ɗora masa tabarau, aka zaunar da shi a bayan motar Zibrim, Hajiya ta tallafe shi da kafaɗa kamar mai jin jiki.

Kafin su tashi Zibrim ya kira ƙaninsa Iliasu, wanda ya je Bawku sarin albasa. "Jikin Baba ya tsananta, ka zo." Iliasu bai tsaya jiran bas ba, ya haye saman wata motar albasa. Ba su yi nisa da Binduri ba motar ta kife, da hantsi, ko shurawa bai yi ba. Labarin ya sami Zibrim a hanya. Da suka iso Salaga da la'asar ya fito yana kuka, ya ce Baba ya cika yanzun nan a bakin gari.

Ran nan ban ga laifinsa ba. Uba da ƙane rana ɗaya, wa zai tsaya tuhumar mutum a kan lokaci? Sai da aka yi sadakar uku, hawaye suka bushe, ƙwaƙwalwarsa ta fara aiki.

Alhaji bai bar wasiyya ba. Duk wanda ya yi masa zancen, sai ya ce so ake a kira masa mutuwa. Ya bar 'ya'ya tara, shanu a hannun Fulani, gonakin doya, da wannan tsohon gida na bakin titi, wanda wani mutumin Tamale ya daɗe yana zawarcinsa don ya rushe ya gina gidan mai. A ɗakuna biyu na bayan gidan matar Iliasu take, Safura, da 'ya'yanta uku, tana soya kifin Makango a ƙofar gida. Ba ta da wani wurin zuwa. Hukunci kuwa ko yaron makarantar allo ya san shi: idan uba ya riga ɗa mutuwa, ko da numfashi ɗaya ne, ɗan ya ci gado, rabonsa ya gangaro wa iyalinsa, Safura ta zauna daram, ciniki ya lalace. Idan kuwa ɗan ne ya riga, 'ya'yansa ba su da ko allura matuƙar baffanninsu na raye.

To, sai Alhaji Fuseini, wanda ya cika da asuba, ya fara samun sauƙi.

Da farko Zibrim cewa yake yi Baba na numfashi har aka wuce Bimbilla. Bayan kwana biyu Baba ya nemi ruwa. Kafin mako ya zagayo Baba ya ji ana waya, ya tambaya, aka ɓoye masa, ya matsa, aka faɗa masa Iliasu ya rasu, ya dafe ƙirji ya yi salati. Labarin baƙin ciki ne ya ƙarasa shi. Mata suka yi ta sharɓar kuka, liman ya ɗauko shi a wa'azi don nuna ƙaunar uba ga ɗa. Zibrim, wanda bai taɓa haɗa zance biyu masu daɗi ba a rayuwarsa, ya zama mai labari, ana matsa masa tabarma.

Shaidu kuma suka ɓullo kamar gara bayan ruwa. Ɗan sandan da ke shingen hanya ya tuna ya leƙa ya ce, "Sori, Alhaji," Alhaji ya gyaɗa kai. Ya gyaɗa mana, a ramukan hanyar nan ko buhun gero gyaɗa kai yake yi. Wata mai tallan ƙwai ta rantse ta gaishe shi da Dagbanci ya amsa mata da "Naa". Duk wanda Zibrim ya kira a waya ran nan ya ce shi da kunnensa ya ji an ce jiki ne ya tsananta. Mutanen da suka yi wannan ƙaryar ga 'yan'uwansu sau ba adadi, yau su ne suka ɗauke ta gaskiya tsagwaronta. Abin ya ba ni haushi har na daina zama a ƙofar gidan.

Safura tana cikin takaba, amma ta tare Zibrim a tsakar gida, ni ina jiyo su ta katanga.

"Yaya, na ji an kawo masu awon fili."

"Ba korarki ake ba, Safura. Shari'a ce. Ni ma zuciyata tana ciwo."

"Shari'a ta san inda zan kai yara uku?"

"Allah ba ya hana bawa wurin kwana."

"Ni tambaya ɗaya gare ni. Lokacin da ka kira mijina, Baba na da rai?"

"Wallahi yana da rai."

Ta ce, "To alhamdu lillahi. Don da ya san Baba ya rasu, da ya jira bas. Saurin ya same shi da rai ne ya hau da shi saman albasa."

Zibrim ya ce yana da waya, ya fita.

Ita kuwa Hajiya Shetu, tun ranar jana'iza ba wanda ya ji ta bakinta. Tana zaune a ɗakin yayanta da carbi, in an tambaye ta sai ta ce ita tsohuwa ce, kanta ya ɗauki zafi ran nan. Na zarge ta a raina. Na ce tsoron Zibrim take yi, tunda shi ke aiko mata da shinkafar azumi.

Ranar addu'ar arba'in, bayan an ci an sha, aka zauna rabon gado a zauren gidan. Wani daga cikin 'ya'yan, mai aikin gwamnati, ya ce ai akwai dokar ƙasa a kan wanda ya mutu ba wasiyya, aka yi masa caa, wai so yake a kai sunan Alhaji kotu kamar wanda ba shi da malamai. Malam Jibirilu, mai rabon gadon unguwarmu, ya gyara zama. Safura na bayan labule.

Malam ya ce sai an fara tabbatar da wanda ya riga wani. Zibrim ya tashi ya zuba labarinsa, yau har da ƙari: Baba ya riƙe hannunsa, ya ce masa shi ne uba yanzu. Ya rantse da Allah, ya share ido da hannun riga.

"Wa ke cikin motar bayan kai?"

"Gwaggo Shetu."

Aka kira ta. Ta shigo da sandarta, ta zauna a hankali, ta dubi ɗan yayanta.

"Hajiya, Alhaji na da rai lokacin da labarin Iliasu ya zo?"

"Yana da rai mana," in ji ta. "Ba a kafaɗata yake ba? Duk abin da yaron nan ya faɗa haka aka yi."

Zibrim ya sauke ajiyar zuciya har sai da na ji ta daga bakin ƙofa. Bayan labule kuwa wani ɗan sauti ya fito, irin na wanda aka taka wa ƙafa ya danne.

"Sai dai ya manta ƙarshen," in ji Hajiya. "Ruɗewa ce, ga tuƙi. Da Yaya ya gama salati, sai ya ce, 'Shetu, Zibrim, ku shaida. Marayun Iliasu ba su da gado a wurina, to gidana na Salaga na bar musu, su da uwarsu. Kada wanda ya taɓa ko bulo ɗaya.' Har sau biyu ya faɗa. Ko ba haka ba, Zibrim?"

Malam Jibirilu ya shafa gemu, ya ce wannan ai wasiyya ce, kuma ta halatta, tunda jikokin ba magada ba ne, gidan kuma in aka dubi shanu da gonaki bai kai sulusin dukiya ba. Saura kawai a ji daga bakin ɗaya shaidar.

Ni dai ban taɓa jin daɗin kallon fuskar mutum irin na ran nan ba, Allah ya yafe mini. Hanya biyu ce gaban Zibrim. Ya ce Baba bai faɗa ba, Hajiya ta tambaye shi a gaban jama'a ta yaya aka yi gawa ta sha ruwa. Ya tashi maƙaryacin da ya yi rantsuwa yanzun nan, ya sa liman kuka a kan mumbari, Safura kuma ta ci ɗakunanta biyu duk da haka, tunda Iliasu ya ci gado. Ko kuwa ya ce Baba ya faɗa, gida ya tafi gaba ɗaya. Ƙannensa bakwai sun zuba masa ido, kowa da rabon kuɗin gidan mai da ya riga ya kashe a zuci.

"Alhaji ƙarami," in ji Malam, "ka ji da kunnenka?"

Zibrim ya dubi rufin ɗaki, ya dubi tabarma. Hajiya na jan carbinta.

"Na ji."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"Na ji, Malam. Haka Baba ya ce."

Aka yi fatiha. Mai tallan ƙwai ma, da labari ya kai mata, ta ce ita tun a shinge ta ga alamar mai shirin yin wasiyya a fuskarsa.

Da jama'a suka watse na shiga karɓar kwanukan gidana da aka ara. Na tarar da Safura durƙushe gaban Hajiya a bakin murhu, ta riƙe gefen zanenta, idanunta sun kumbura.

"Gwaggo, don Allah ki faɗa mini. Da gaske Baba ya ambaci Iliasu? Ya san yana hanya?"

Hajiya ta daɗe tana kallon toka. Sannan ta zare zanenta a hankali daga hannun yarinyar.

"'Yata, wanda ya tafi da asuba ba ya ambaton kowa. Tashi ki share gidanki."