Malam Taswira a Tasha

Tun yana saurayi ɗalibai suka laƙaba masa Malam Taswira, don yakan zana nahiya guda a allo bai ɗaga alli ba. Yanzu furfura ta cinye kansa, zango ɗaya ya rage ya ajiye aiki. Shugaban makaranta, wanda shi ma ta hannunsa ya bi, ya tura shi bitar masu shirin ritaya. Maiɗakinsa ta ce gara ya je, don ba za ta iya da mutumin da zai zauna gida yana ba miyarta maki ba.

A zauren bitar ya tarar da tsofaffin abokan aiki, kowa da tabarau da ciwon gwiwa. Suka yi ta tuna zamanin da rufin aji ke yoyo, yara su ɗauko benci a ka, a koma gindin bishiya. Da mai gabatar da bitar ta tambaye shi abin da zai yi nan gaba, sai ya ce zai yi tunani. Shi dai a gaban aji kawai ya san kansa.

A hanyar komawa ya iske direbobi a tasha suna musu kan inda wata ƙasa take, wadda ɗan ɗayansu ya tafi karatu. Malam ya kasa haƙuri. Ya lalubo guntun alli a aljihu, ya durƙusa ya zana musu a kan siminti, har da teku. Uban ɗalibin ya daɗe yana kallo.

"Ashe ruwa ya tsallaka," in ji shi a hankali. "Malam, ko saƙon da yake turo min a waya sai na nemi mai karanta min."

Malam ya ce zai dawo ranar Asabar ya fara koya musu karatu. Direbobin suka share masa ɗakin ajiyar tayoyi, wani kafinta ya shafa wa falanki baƙin fenti. Makanikai suka shigo, mai shayi ma ya riƙa leƙowa.

Ranar bankwana a makaranta ya zagaya ajinsa shi kaɗai, ya shafa tagar da ya sha gyarawa. Amma bai tsaya jin ƙarshen jawabai ba. Shugaban direbobi ya riga ya turo mota, wai yau ne za a fara haɗa baƙi, kuma har masu jigilar safe sun dawo da wuri.