Watan da Lateh Ya Gani

A tsibirin nan na gaɓar Phang Nga ba wanda ya kai Lateh cika baki a kan kogo. Shekara talatin yana shiga da baƙi Kogon Jemagu a kwalekwalen roba, ruwa bai taɓa rufe masa ƙofa ba, kuma bai bar kowa ya manta da haka ba. Abin da ya mallaka ke nan a duniya, wannan suna. Kogon kuwa ba ya wasa. Rami ne mai duhu a gindin dutse, sai ruwa ya janye sannan mutum ke kwantawa rigingine a kwalekwale ya sulala ciki, ya ɓullo wani fili da duwatsu suka kewaye, sama a buɗe, wanda mutanen wurin ke kira ɗaki. In teku ta dawo ta cika ramin, wanda ke ciki sai ya jira ta sake ja.

Lateh ba ya duba takarda. Da kwanan wata yake lissafin ruwa, kamar yadda ubansa ya koya masa. To, a ƙarshen azumin bana shi ne ya hau dutse ya rantse ya ga jinjirin wata, alhali sama duk hadari. Gari ya ƙi, ya cika talatin. Shi da gidaje huɗu suka yi sallarsu kwana guda kafin kowa, suna hura hanci. Tun ranar lissafinsa ke gaban na jama'a da kwana ɗaya, kuma duk kwanakin salla bai taɓa filafilin tuƙi ba balle teku ta tuna masa.

Ranar da ya koma aiki ne Kanyarat ta sauka. Malamar makaranta ce daga Bangkok, siririya, ta yi kwana tara tana bin gaɓar duwatsu ita kaɗai a nata kwalekwalen, da jaka ɗaya da waya a rataye a wuya. Ta zauna a rumfar shayi ta ci roti, ta ce ba ta bukatar ɗan rakiya. Lateh ya dube ta sama da ƙasa ya taɓe baki. Ya faɗa wa 'yan rumfa cewa irin waɗannan ya fi tsana, masu yawo su kaɗai kamar akuyar da ta tsinke igiya, wai neman kansu suke yi, ƙarshenta kuma jama'a ce za ta fita neman su.

"'Yar nan, teku ba allo ba ce," in ji shi. "Wayar taki ta iya iyo?"

Ta yi murmushi, ta ce wayar ta nuna ramin zai rufe da sha ɗaya da kwata. Lateh ya yi dariya har da buga cinya. Yau biyar ga wata, ya ce, kogo na nan a buɗe har sha biyu ta gota. Yakob, shugaban masu rakiya, ya buɗe baki zai ce huɗu ga wata ne, sai ya tuna rigimar salla, ya mayar da bakinsa kan kofi.

Ta tafi, Lateh ya bi bayanta. Ba tausayi ya kai shi ba, so yake ya gan ta tana rawar jiki a cikin duhu ya sami labarin rumfa na wata guda. Bai samu ba. Ta kwanta ta wuce ƙarƙashin dutsen, ko kawa ɗaya, katantanwar tekun nan mai kaifi da ke manne a jikin dutse, ba ta karce ta ba. A cikin ɗakin ta zauna shiru tana kallon birai a kan itatuwa, shi kuma yana ta surutu a kan baƙin da ya ceto. Sha ɗaya na yi ta juya kan kwalekwale.

"Baba, mu fita. Dubi ruwan, ya kusa taɓa layin kawa."

Ya duba, kuma ya gani. Idon da ya yi shekara talatin a wurin ba zai kasa gani ba. Amma in ya bi ta, ya yarda da waya ke nan, kuma ya yarda watan da ya rantse a kansa tauraro ne ko tsinken girgije. Sai ya miƙe ƙafa, ya zaro taba, ya ce ta yi gaba, masu tsoro su ke riga fita. Ta roƙe shi sau biyu, sannan ta shige ramin.

Ya ba ta minti ashirin don kada a ce bin ta ya yi. Da ya isa bakin ramin, tsakanin ruwa da dutse bai fi tafin hannu ba. Ya sace iskar kwalekwalen, ya kwanta, ya tura. Dutse ya daki goshinsa ya maido shi. Haka ya zauna a ɗakin nan rana na dukansa, ba ruwan sha, birai na leƙensa, har bayan la'asar. Tsoro bai kama shi ba, kunya ce ta yi ta cinsa.

Ya fito ya tarar da jirage uku na jira. Kanyarat ce ta sanar da masu rakiya, ta tabbatar sun taso, sannan ta ci gaba da tafiyarta kudu. Lateh ya shirya wa dariya, har ya tanadi amsoshi masu zafi. Ba wanda ya yi dariya. Aka miƙa masa ruwa, aka shafa masa magani a goshi, wani ma ya riƙe masa hannu wajen hawa jirgi, abin da ba a taɓa yi masa ba.

Washegari ya zo bakin ruwa da filafilinsa a kafaɗa. Yakob ya tare shi da fara'a, ya karɓi filafilin da hannu biyu, ya nuna masa kujerar roba a inuwa kusa da tarin rigunan ruwa masu hana nutsewa.

"Yaya Lateh, ka yi mana ƙoƙari, Allah ya saka. Daga yau kai za ka riƙa ɗaura wa baƙi riga. Ka dai tabbatar ka ja igiyar da kyau."