Ƙamshi a Ruwan Jatan Lande

Tun ranar da Baban Afnan ya ce zai yi kiwon jatan lande a garin da babu teku na san za mu ga abu. Mutumin da ya tashi a Gwammaja, ko kifin Wudil bai dame shi ba! Amma ya gyara tsohon rumbun da ke bayan gidanmu a McLeansville, nan Amurka, ya jera tankuna, ya haɗa ruwan gishiri da hannunsa, ya kafa injin da ke zuƙar iskar ɗakin yana hura ta cikin ruwan don kada halittun su shaƙe. Abokin aikinsa shi ne Nurudeen, ɗan zangon Kumasi, wanda suka yi shekaru suna sauke kaya tare a wani sito a Wendover. Su biyu kaɗai ke da makulli.

Abu ya yi kyau har sai da Christy, mai gidan abincin nan na wajen Irving Park da ke kwashe mana kusan komai, ta maido mana da kula guda ta jatan lande. Ta ce naman yana da wani ɗanɗano kamar na sabulu ko turare, in aka sake kuma ta bar saye.

Wallahi mijina ya kusa zarewa. Ya auna gishiri, ya auna zafin ruwa, ya auna dattin da halittun ke fitarwa, komai daidai. Ya canza abincinsu. Ya zubar da ƙanƙarar ya sayo sabuwa. Da aka sake ɗiba ya dafa ɗaya ya tauna, sai na ga fuskarsa ta canza.

"Hafiza, da hannun mutum a ciki," ya ce da ni.

"Hannun wa? Aljani?"

"Ba ki ji Nurudeen yana cewa wata rana zai kafa nasa tankunan ba? In Christy ta bar ni, wurin wa za ta koma?"

Na ce haba Baban Afnan, ka ji tsoron Allah, mutumin da ya ɗauki gawar ƙaninka da kai? Amma zargi in ya shiga zuciya ba ya jin kira. Nurudeen ya yi dariya, laifi ne. Ya zo da wuri, laifi ne. Ni kaina, da nake ta kare shi, sai da na fara leƙensa ta tagar kicin, na ga duk safiya in mijina ya fita kai kaya yakan zagaya bayan rumbun da wani abu a rufe da tsumma. Raina ya ɓaci sosai, kuma na faɗa wa mijina.

Washegari ya tare shi a ƙofa, ina tsaye. Ya matsa ya shinshina rigarsa kamar wani karen farauta.

"Me kake zubawa a ruwan nan?"

"Ban zuba komai ba, ɗan'uwa."

"To wannan ƙamshin a jikinka fa? Me kake kaiwa baya a ɓoye?"

Nurudeen ya dubi gidan, ya dubi ƙasa. "Ka ba ni lokaci, ina kan gyara abin."

"Gyara? Ashe ka sani!"

Nurudeen ya ciro makullin ya ɗora a kan murfin tanki, ya shiga motarsa.

Da safe, tunda babu mai tsaron wurin, mijina bai fita ba, ya roƙe ni in taya shi wankin matatar ruwa. Muna can lungu a durƙushe sai ƙofa ta buɗe. Hajiya ce, mahaifiyarsa, wadda ta zo daga Kano a duba mata gwiwa. Tana dogara sanda, ɗaya hannun riƙe da kaskon turaren wuta. Ta yi bisimilla ta ajiye shi daidai bakin injin iska, ta barbaɗa turare. Muna kallo injin yana haɗiye hayaƙin yana aika shi cikin ruwa.

"Hajiya," in ji mijina, "me ake yi?"

"Au, kana nan? Wurin sana'arka ne yake ƙarni haka, ina albarka za ta shigo? Yaron nan Nuru ke buɗe min. Sai dai ba shi da haƙuri, ina juya baya ya fitar min da kaskon. Kullum sai ya durƙusa ya ce Mama iska ba ta so, Mama a kai tsakar gida. Na ce kada ya kuskura ya haɗa ni da ɗana. Yau ina ya shiga?"

Mijina ya kashe injin, ya raka ta har ɗaki da kaskon a hannunsa, ko kalma ɗaya bai iya gaya mata ba. Shi da ta haifa ke nan, balle baƙo.

Ya kira Nurudeen ya fi a ƙirga, sai bayan la'asar ya ɗauka. Mijina ya fara kame-kame, yana ɗan'uwa, yana don Allah. Ina ji ta lasifika Nurudeen ya katse shi.

"Yanzu wa ke fitar da kaskon?"

"Ni."

"To ka riƙe shi da tsumma, yana ƙuna."

Nurudeen ya kashe wayar. Makullin yana nan a kan murfin tankin, na hana kowa taɓa shi.